Rajistar Coci ko Littafin Ƙidaya: Da Wanne Za a Fara Neman Asalin Dangi a Ingila?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar bin salsalar wani gida a Ingila ko Wels, takardu iri biyu ne za su fara tare shi: rajistar coci, wato littafin da coci ke rubuta baftisma da aure da binne gawa, da kuma littafin ƙidayar jama'a. Yau galibinsu suna intanet, akwai na kyauta akwai na biya, kuma kamfanonin da ke sayar da damar duba su kowa nasa yake yabo. Masu wannan nema a cikinmu ba su da yawa, amma akwai su. Akwai Bahaushen da ya yi aure a can, 'ya'ya suka girma suka fara tambayar dangin uwa. Akwai gidan da aka san kakansu Bature ne da ya zo aikin kuza a Jos ko aikin jirgin ƙasa. Akwai kuma ɗalibin tarihi mai bin sawun wani Razdan ko ɗan mishan, yana son sanin daga wane irin gida ya fito.

Ra'ayina shi ne a fara da ƙidaya. Rajistar coci ta fi tsufa nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke jan hankalin sabon shiga, don kowa yana son ya ce ya kai kakansa na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Sai dai wanda ya faɗa mata ba tare da ya san garin da zai nema ba, ko dai ya ɓata, ko kuma ya ɗauko kakan wani ya liƙa wa kansa.

An fara ƙidaya a Ingila a 1801, ana maimaitawa duk shekara 10, amma huɗun farko alƙaluma kawai gwamnati ta tara. Ta 1841 ce ta farko da aka adana sunayen mutane gida-gida a faɗin ƙasar. Ita ma tana da rauni. An umarci malaman ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, wato mai 29 a rubuta 25, mai 44 a rubuta 40. Ba a faɗi dangantakar mutanen gida da juna ba, kuma wajen haihuwa tambaya ɗaya aka yi: a wannan lardin aka haife ka ko a'a? Wanda aka haifa a Sikotland, Ayaland ko ƙasar waje, harafi guda aka sa masa.

Daga 1851 ne abin ya zama taska. Ka buɗe shafi guda, za ka ga sunan titi, sai mai gida a layin farko, matarsa, 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami, sannan sauran waɗanda suka kwana a gidan daren 30 ga Maris: suruka, ɗan haya, yarinyar aiki, yaron da ke koyon sana'a. Gaban kowane suna akwai dangantakarsa da mai gida, ko yana da aure, shekarunsa, sana'arsa, sai kuma abin da ya fi komai daraja, lardi da garin da aka haife shi. Kamar hoton Sallah ne da aka tara gida gaba ɗaya aka ɗauka: kowa yana tsaye inda matsayinsa ya ajiye shi, amma na rana ɗaya ne, wanda ya yi tafiya ba ya ciki.

Wannan layin na garin haihuwa shi ne dalilin da ya sa na ce a fara nan. Ingila da Wels suna da tsofaffin gundumomin coci fiye da 10,000, kowace da littafinta. A ƙidayar 1851 aka gano cewa mazauna birane sun haura rabin jama'a, kuma da yawansu daga ƙauye suka zo neman aiki a masaƙu da ma'adinan kwal. Mutumin da ka samu yana saƙa a Mancesta, wataƙila a wani ƙauyen Yorkshire aka yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. Idan ƙidaya ba ta faɗa maka sunan ƙauyen ba, littafi nawa za ka buɗe?

Wani amfanin kuma shi ne ƙidaya tana ba ka gida ne, ba mutum ɗaya ba. Sunaye irin su John, William, Mary da Elizabeth sun cika ƙasar, kuma John Smith ba ya ƙirguwa. Amma John Smith maƙeri, mai mata Hannah, mai 'ya'ya Reuben da Martha, wanda uwar matarsa ke zaune tare da su, da wuya a samu biyu. Ita uwar matar ma kyauta ce, don sunanta na ƙarshe yawanci shi ne sunan gidan su matar kafin aure. Ka bi wannan gida baya-baya, 1881, 1871, 1861, 1851, sai ka ga mai gidan ya koma saurayi, ya koma yaro a gaban ubansa. Ka samu zuri'a biyu ko uku ke nan ba ka taɓa littafin coci ba.

Ta 1911 ta fi sauran daɗin dubawa. Daga 1841 zuwa 1901 abin da ya rage shi ne littafin da malamin ƙidaya ya kwafe daga takardun da magidanta suka cike, ainihin takardun an lalata su. A 1911 kuwa takardar mai gida ce da kanta, da rubutun hannunsa da sa hannunsa, har da inda ya yi kuskure ya soke. An tambayi matan aure shekarun da suka yi a auren, 'ya'ya nawa suka haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. Sau da yawa a nan ne iyali ke fara sanin cewa kakarsu ta binne 'ya'ya uku da ba wanda ya taɓa ambata. A shekarar ce kuma wasu mata masu fafutukar 'yancin jefa ƙuri'a suka ƙaurace wa ƙidayar. Ɗaya daga cikinsu, Emily Davison, ta ɓuya a wani ɗan ɗaki cikin ginin majalisar dokoki a daren. Don haka idan ba ka ga wata mace a 1911 ba, ba lallai ne ta mutu ba.

Ana rufe ƙidaya shekara 100 kafin a buɗe wa jama'a. Ta 1921 an sake ta a Janairun 2022 ta hannun kamfanin Findmypast, kuma tana ɗauke da sunan ma'aikatar da mutum ke aiki da adireshinta. Bayanta akwai babban giɓi. Takardun 1931 na Ingila da Wels sun ƙone ƙurmus a gobarar da ta tashi a ma'ajiyarsu a Hayes cikin Disambar 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Abin da ke cike gurbin shi ne rajistar 1939, wadda aka ɗauka ranar 29 ga Satumba don katin shaida da rabon abinci. Ita ba ta faɗin garin haihuwa, amma tana ba da cikakkiyar ranar haihuwa, kuma da yake hukumar lafiya ta ci gaba da amfani da ita shekaru da dama, an riƙa soke sunan budurwa ana rubuta sunan aurenta a sama. Mai neman kaka Bature da ya bar Nijeriya kafin yaƙi, nan ya kamata ya fara leƙawa.

To, ina aibin ƙidaya? Ba ta tantance komai. Abin da mai gida ya faɗa shi aka rubuta, kuma mutane suna faɗin abin da ya yi musu daɗi. Matar da ta girmi mijinta takan zubar da 'yan shekaru. Yaron da aka tura aiki tun bai kai ba akan ƙara masa. Waɗanda ke zaune ba aure sukan ce su ma'aurata ne, jikan da 'yar gida ta haifa a waje kuma a rubuta shi ɗan autan kaka. Garin haihuwa ma yakan canza daga ƙidaya zuwa ƙidaya, don mutumin da ya yi nisa da gida yakan ambaci babban garin da ke kusa, tunda ba wanda ya san ƙauyensu. Saboda haka ba a dogara da shafi ɗaya. A tara duk shekarun da mutum ya bayyana a jera su, abin da ya yi ta maimaituwa shi ya fi kusa da gaskiya. Sannan tazarar shekara 10 tana haɗiye mutane: yarinyar da aka haifa a 1862 ta rasu a 1869 ba ta cikin kowace ƙidaya.

A nan rajistar coci take shigowa, kuma ita labarinta daban ne. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure da binne gawa. Na farkon a takarda mara ƙwari aka yi su, da yawa suka lalace. A 1598 aka ba da umarnin a kwafe su a kan fata, musamman daga farkon mulkin Elizabeth, shi ya sa littattafai masu yawa suke farawa daga 1558. A lokacin ne kuma aka ce a riƙa aika kwafi duk shekara zuwa ofishin bishop, wato babban limamin cocin yankin. Wannan kwafin ya ceci zuri'a da yawa, don inda ɓera ko ruwa ko gobara ta cinye littafin coci, akan samu na bishop, wani lokaci ma da ƙarin bayanin da babu a na asali.

Kada wannan tsufa ya ruɗe ka. Shigarwar baftisma ta shekarun 1600 ko farkon 1700 tana iya zama layi ɗaya tak: John ɗan William Taylor, an yi masa baftisma ranar kaza. Babu sunan uwa, babu sana'ar uba, babu unguwa. Idan a ƙauyen akwai William Taylor biyu, 'yan maza zar, kowanne ya sa wa ɗansa John a tsakanin shekara uku, to layin nan bai raba maka gardama ba. Kama da wane ba ta wane, kuma galibin bishiyoyin dangi na bogi da suka cika intanet a daidai wannan gaɓar suka karkace: wani ya ga suna ya yi daidai, shekara ta yi kusa, ya ɗauka, wasu ɗari suka kwafa daga gare shi. Abin da ya kamata a yi kafin a karɓi kowane John shi ne a buɗe littafin binne gawa na shekarun da suka biyo baya. Mutuwar jarirai ta yi yawa a lokacin, kuma al'ada ce a mayar wa sabon jariri sunan wansa da ya rasu. John ɗin da ka samu a 1702 mai yiwuwa an binne shi a 1703, naka shi ne na 1706.

Dokoki biyu ne suka gyara littattafan. Dokar aure ta 1753, wadda ta fara aiki a 1754, ta tilasta a ɗaura kowane aure a Cocin Ingila, bayan shela ko da lasisi, a littafi na musamman, ango da amarya da shaidu biyu su sa hannu. Yahudawa da 'yan ɗariƙar Quaker kaɗai aka keɓe. Wanda bai iya rubutu ba yakan yi alamar gicciye, shaidun kuma sau da yawa 'yan uwa ne, don haka a lura da sunayensu. Ta biyu ita ce dokar 1812, wadda daga 1813 ta kawo littafi bugagge mai gurabe: a baftisma sunan uba da na uwa, mazauni da sana'ar uba, a binnewa kuma shekarun mamaci. A wasu cocin Yorkshire, tun daga shekarun 1770, an yi wani tsari da ake jingina wa wani limamin coci mai suna William Dade, inda ake rubuta har kakannin jariri na ɓangare biyu. Wanda Allah ya sa danginsa suka faɗo cikin irin wannan littafin, ya tsinci dami a kala.

Akwai 'yan tarkuna da ke kama kowa. Ranar baftisma ba ranar haihuwa ba ce. Yawanci makonni ne tsakani, amma akan ga yara uku na gida ɗaya an kai su rana guda, babban yana da shekara shida. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne 25 ga Maris, don haka jaririn da aka yi wa baftisma a Disambar 1740 aka binne shi a Fabrairun 1740 ba kuskuren magatakarda ba ne, Fabrairun ce ta biyo bayan Disambar. Shekarun yaƙin basasa daga 1642 zuwa dawowar sarauta a 1660 kuwa, littattafai da yawa ko dai babu komai ko a hargitse suke. Ga kuma rubutun hannu na zamanin, wanda sai an zauna an koye shi, wani lokaci da Latin a ciki.

Babban abin da ya raba takardun biyu shi ne wa aka rubuta. Ƙidaya ta hukuma ce, ba ruwanta da addininka: Bayahude, Katolika, matuƙin jirgin ruwa Musulmi ɗan Yaman a Cardiff, fursuna, mai kwana a gidan gajiyayyu, duk wanda ya kwana a ƙasar an so a rubuta shi. Rajistar gunduma kuwa ta Cocin Ingila ce. A ƙidayar masu zuwa ibada da aka yi a 1851, kusan rabin waɗanda suka halarta ba a Cocin Ingila suka yi ba. 'Yan Methodist da Baptist da sauransu suna da nasu littattafan, da yawa an tattara su a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kew. Don haka idan ka ga aure da binnewa a littafin gunduma amma babu baftismar yara, kada ka ce gidan ba su haihu ba. Nemi wata majami'ar a garin.

Tarihin Dorugu ya nuna iyakar kowace takarda. Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi bauta yana yaro, ya ƙare a Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Bayan mutuwar Overweg, shi da abokinsa Abbega suka bi wani Bajamushen mai yawon bincike, Heinrich Barth, har Tumbutu, suka isa Ingila tare da shi a 1855. Sun zauna wurin ɗan mishan J. F. Schön, aka yi musu baftisma a can, Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Abbega ya komo a 1857, Dorugu sai 1864, ya rasu a Kano a 1912. Mai bin sawunsa a Ingila, littafin coci ne zai ba shi sabon sunan da ranar da aka sa shi, ƙidayar 1861 kuma ita ce wurin neman gidan da yake kwana da matsayin da aka ba shi a gidan. Amma labarin iyayensa da garinsu da yadda aka kama shi, daga bakinsa aka ji, Schön ya rubuta da Hausa. Haka abin yake ga duk wanda reshen danginsa ya tsallako gida: ƙidayar Nijeriya ta 1963 ko 1991 ko 2006 alƙaluma ake wallafawa ba sunaye ba, sai a koma wurin dattawa tun suna raye.

Tsakanin takardun biyu akwai gada, kuma wanda ya tsallake ta don gudun kashe kuɗi yakan yi asarar da ta fi. Daga 1 ga Yulin 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Takardar haihuwa tana ba da sunan gidan su uwa, ta aure tana ba da sunan uban ango da uban amarya da sana'arsu. Fihirisar sunayen kyauta ce a shafin intanet na FreeBMD, takardar kanta ce ake saye. Ba kowace za ka saya ba. Ta auren ma'auratan da suka fi tsufa a jerinka ita ce ta cancanci kuɗinka, don sunan uba da sana'arsa su ne za ka riƙe ka shiga littafin coci da su. A tuna cewa kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa ba, wasu yaran sun zame. A irin wannan hali baftisma ce kaɗai shaida.

Ta fuskar aljihu da lokaci ma ƙidaya ta fi sauƙi. An yi mata fihirisa gaba ɗaya, ana neman suna a faɗin ƙasa da dannawa ɗaya. Fihirisar 1881 kyauta ce a shafin FamilySearch, shafin FreeCEN ma yana da wasu shekarun, ɗakunan karatu da yawa a Birtaniya kuma suna ba da damar shiga shafukan biya irin su Ancestry ko Findmypast ba ko kwabo. Rajistar coci a warwatse take. Ainihin littattafan galibi suna ma'ajiyar kowane lardi, kuma wannan lardi ya ba wa wannan kamfani hotunansa, wancan ya ba wa wancan, wasu kuma ba su hau intanet ba sam. Kada ka biya kuɗin shekara sai ka san lardinka, ka kuma bincika wane kamfani ne ke riƙe da shi. Kafin nan shafukan kyauta na FreeREG da FamilySearch sun isa gwaji. Ko a ina ka samu suna, ka buɗe hoton shafin da idonka, don masu kwafe fihirisa suna karanta tsohon rubutu ba daidai ba fiye da yadda ake zato.

Idan ka haura 1837 baya, ba sauran zaɓi, coci ce kaɗai, sai ka haɗa ta da wasiyyoyi da takardun tallafin matalauta. Waɗannan na ƙarshe abin mamaki ne: talakan da gunduma ke son ta san ko nauyinta ne, akan titsiye shi gaban alƙali ya faɗi inda aka haife shi, inda ya yi aiki da wadda ya aura. Sau da yawa faƙiri ya fi mai rufin asiri barin tarihi.

Shawarar ta ɗan sauya a Sikotland, inda rajistar hukuma ta fara a 1855 kuma takardar mutuwa ma tana faɗin sunan uba da uwa. Komai nasu yana wuri guda a shafin ScotlandsPeople. A Ayaland kuwa ta juye gaba ɗaya. Ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta ƙone a Dabilin a 1922, lokacin yaƙin basasa, sai 'yan ɓurɓushi. Ta 1861 zuwa 1891 gwamnati ce da kanta ta lalata. Ta 1901 da 1911 sun tsira, kuma kyauta ne. Littattafan cocin Katolika ba sa cikin ginin da ya ƙone, kuma ɗakin karatu na ƙasar ya sa hotunansu a intanet kyauta tun 2015, yawanci da sunan gidan su uwa da na waɗanda suka tsaya wa yaro a baftisma. A can coci ce ginshiƙi tun daga farko. Matsalar ita ce ɗan Ayaland da ya ƙaura Libaful, a yawancin ƙidayoyin Ingila sunan ƙasar kawai aka rubuta masa. A 1911 ne aka nemi lardi da gari, don haka a nemo wanda ya fi kowa tsufa a dangin da ya kai wannan shekarar da rai, ko da ƙanen kaka ne ko gwaggo, a ga garin da ya rubuta.